Ƙwallon da Aka Hana Hmad

Birnin Sale, 19 ga Yuni

Zuwa ga Kawuna Dadda Mbarek,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar 'ya ga uba, da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, da fatan gwiwar nan ta daina damun ka idan sanyin teku ya taso. A gaida Gwaggo Ijja. Mu nan lafiya lau, Inna tana shan maganinta, jinin ya sauka.

Wataƙila ka manta da ni. Ni ce Tilila ɗiyar Zaina, jikar Lahsen wan mahaifinka. Rabonka da ni tun bikin da aka yi a Mirleft ina shekara tara. Inna ta ce kunnuwanka sun yi nauyi, waya ba ta da amfani a wurinka, amma takarda kana karanta ta har sau uku. Shi ya sa na ɗauki biro.

Na yi shekara bakwai ina alƙalancin wasan ƙwallon mata kafin jijiyar ƙafata ta tsinke. Yanzu a zaune nake aiki. Ɗaki ne mara taga a cikin wata babbar mota da ake ajiyewa a bayan fili. Alluna shida ne a gabana, kowanne da ɓangaren da yake nuna mini, ga wani a gefena yana mayar da hoto baya idan na ce. Alƙalin da ke cikin fili yana jin muryata a kunnensa. Idan ya yi kuskure babba, ni ce ke gaya masa.

Ranar ƙarshe ta kakar wasa aka ba ni wasan wata ƙungiya da sai ta ci za ta tsira daga faɗuwa. A minti na casa'in da huɗu suka zura ƙwallo. Ihun mutane ya ratsa bangon motar, har kofin shayina ya motsa. Wanda ya ci mutum ne ɗan shekara talatin da biyar, wasansa na ƙarshe ke nan. Ya tuɓe riga ya ruga wajen da tsohuwarsa take zaune. Ni kuwa kafaɗarsa nake kallo. Na ce wa alƙalin, "Si Driss, dakata tukuna." Muka ja layi. Minti uku muka yi. Kafaɗar ta wuce ɗan bayan ƙarshe da faɗin tafin hannu. Na ce satar gida ce, aka soke.

Manyanmu sun duba, sun ce daidai na yi. Amma an sami sunana da hotona an baza. Mai gidan burodin layinmu ya daina amsa gaisuwata, an kira Inna an zage ta. Ofis ya ce in je in huta, ba a faɗi ranar dawowa ba.

Ba zagin ne ya fi damuna ba, Kawu. Idan na rufe ido fuskar mutumin nake gani a hankali a hankali, yadda muke rage gudun hoto, murna tana zagwanyewa daga cikinta kamar sukari a ruwan zafi.

Inna ta ce kai ma ka taɓa ɗaga tutar satar gida a garinku a 1987, kuma har yau ba ka bar garin ba. Yaya aka yi ka iya?

'Yarka,
Tilila


Sidi Ifni, 4 ga Yuli

'Yata Tilila,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same ni lafiya, sai tsufa, shi kuwa ba ya jin magani. Ijja 'yar'uwata tana amsawa, ta ce a gaya wa Zaina ta rage gishiri. Idona na dama ya fara yana, don haka ki yi haƙuri idan layina ya gangara.

Ban manta da ke ba. Ke ce mai gardama da yara maza a kan ko ƙwallo ta fita.

Yau hazon teku ya kwanta a kan garin tun asuba, jiragen kamun kifi suna shigowa kamar ba a kan ruwa suke ba. Ranar da kike tambaya ma irin wannan ce. Matasan Masunta, ƙungiyarmu, idan suka ci za su hau rukuni na biyu, abin da ba a taɓa yi ba. Alƙalai suka taso daga Agadir, mai tuta ɗaya ciki ya murɗe shi a hanya. Ni kaɗai ne mai takardar shaida a kusa. Kyaftin ɗin baƙi ya ce ya yarda da ni, ya ji labarin ba na cin amana. Aka miƙa mini tuta.

Saura minti shida a tashi, babu ci. Muna da wani yaro Hmad, ana ce masa Walƙiya, ɗan shekara ashirin da biyu, har wani mutum ya zo daga Kazablanka don ya gan shi. Aka cilla masa ƙwallo ta sama, ya tare da ƙirji, ya yanke mai tsaron gida, ya tura ta raga. Ya juyo, ya ga tutata a sama. Aka tashi canjaras. Mutumin Kazablanka ya shiga motarsa ya tafi.

Wasu suka ce an saye ni. Wasu suka ce neman suna nake a wajen baƙi. Mutanen nan sun yafe wa teku da ya cinye musu 'ya'ya, ni ba su yafe mini ba. Hmad yanzu gasa sardin yake yi a bakin kasuwa. Shekara talatin da shida ke nan, idan na zo wucewa sai ya juya baya ya kama fifita garwashi. Kifinsa ya fi na kowa daɗi, in ji masu ci.

Kin tambayi yadda na iya. Ban iya komai ba. Na ci gaba da ɗinkin komar kamun kifi, na je masallaci, na zauna inda aka bar mini. Fadma matata tana raye lokacin, Allah ya jiƙanta, idan na dawo gida ba ta taɓa tambayata abin da aka ce mini a hanya ba.

Ɗakin nan naku yana ba ni mamaki. Jiya da azahar na kishingiɗa, na yi mafarki ina cikinsa, kowane allo teku ne. Mu a zamaninmu abu sau ɗaya yake faruwa. Akwai dai wani Bushaib mai ɗaukar biki daga Tiznit da ya zo ranar da na'ura a kafaɗa kamar buhun sha'ir, ban san inda ya kai abin da ya ɗauka ba. Da za a ba ni aron na'urarku mai mayar da rana baya, abu guda nake so in sake gani a ranar nan. Guda ɗaya tak.

Ki ci abinci. Ki riƙa zuwa bakin ruwa da yamma. Ki canza gidan burodi.

Kawunki,
Mbarek


Sale, 27 ga Yuli

Kawu,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan idon da sauƙi. Inna ta ce a gaya wa Gwaggo Ijja gishirin da take ci bai kai rabin nata ba. Na canza gidan burodi, na sabon ya fi laushi ma.

Albishirinka. Na karanta zancenka na Bushaib da na'urarsa na kasa zama. Na ce ga ni da hutu, ga aikin da na iya. Na kira duk wanda na sani a Tiznit har aka haɗa ni da Lalla Rkiya, matar Bushaib. Shi ya rasu shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Ta ce kasakasansa na bidiyo suna nan cikin kwalaye a ɗakin da take ajiye man itacen argan, ta hana kowa zubarwa. Ta ce, "'Yar nan, rabin auren garin nan yana cikin kwalayen, har waɗanda suka mutu." Kwana biyar 'yarta tana bincike. Ta sami guda an rubuta masa da jan biro: Ifni, ƙwallo, 87. Ta ba direban bas ya kawo mini, an naɗe shi da tawul kamar jariri.

Na kai shi Kazablanka wajen wani mai gyara da ke juye tsofaffin kasakasai zuwa kwamfuta. Ya shinshina shi, ya ce akwai danshi amma zai gwada, in dawo bayan sati biyu.

Kawu, tun da na bar shagon nake ta saƙe-saƙe. Ina ganin kaina na sauka a Ifni da hoton a hannu, na ja layi kamar yadda muke ja, an tara dattawan garin a gidan shayi, kowa ya ga ƙafar Hmad a gaba. Ina ganin su suna zuwa ɗaya bayan ɗaya suna sumbatar kanka. Ni ban sami wanda zai wanke ni ba duk da layin yana nan, amma kai zan wanke ka, in Allah ya yarda.

Ka ce abu guda kake so ka sake gani. Saura kaɗan ka gan shi.

Tilila


Sale, 21 ga Agusta

Kawuna Dadda Mbarek,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fatan kana lafiya, da Gwaggo Ijja, da maƙwabta, da duk wanda ya tambaye mu. Ina fatan zafi bai yi yawa ba, ina fatan aknari, bishiyar nan mai ƙaya, ta yi 'ya'ya bana. Inna tana gaishe ku, Gwaggo Habiba ma tana gaishe ku, ita da yaranta.

Ban ji daga gare ka ba. Idan na yi shisshigi ne ka yafe mini.

Kaset ɗin bai yi ba. Danshi ya cinye shi, babu abin da ake gani sai yayyafi. Mu bar maganar.

Tilila


Sidi Ifni, 12 ga Satumba

'Yata,

Aminci ya tabbata a gare ki. Ba fushi na yi ba. An kai ni Agadir an kankare mini yanar ido, na yi sati biyar a gidan ɗan Ijja an hana ni karatu da sunkuyawa. Takardunki biyu suna shagon Si Umar suna jirana, jiya na karɓo. Yanzu ina gani tar. Ashe bangon ɗakina shuɗi ne, na ɗauka toka ce.

Na karanta ta farko na ce yau asirina ya tonu. Na karanta ta biyu na yi dariya ni kaɗai. Wadda ta rubuto mini shafi uku a kan kafaɗar mutum ba ta fara gaida maƙwabta da aknari haka kawai. Zaina ma haka take tun tana yarinya, idan ta fasa tulu sai ta cika mutum da gaisuwa. Kaset ɗin ya yi, kin kuma ga abin da ke ciki.

Hmad bai yi satar gida ba. Ko ya yi, ni ban gani ba. Laifina ne da na rubuta miki magana rabi, kika ɗauka ƙwallon nake nufi.

Ga yadda aka yi. Fadma tana da ciki wata tara, bayan shekara takwas muna jira. Da safiyar ranar naƙuda ta fara. Na ce ba zan je fili ba, ita ta ce in je, gidan ya cika da mata, ba ni da amfani. Gidanmu yana kan tudu, daga gefen fili ana hango rufinsa. Muka yi da Ijja cewa idan an sauka lafiya za ta hau sama ta shanya farin bargo. Da aka ba ni tuta, ɓangaren da ke fuskantar tudun na zaɓa.

Duk wasan ido ɗaya a layi, ɗaya a rufi. Hazo yana rufe tudun yana buɗewa. Saura minti shida ya yaye, na ga mutum a sama. Ijja ce a tsaye. Na tsaya ina neman farin abu a hannunta. Sai na ji fili ya ɗauki ihu, na juyo, ga Hmad shi kaɗai a gaban mai tsaron gida, ya yi wa kowa nisa. Na ce a raina babu yadda mutum zai yi wannan nisan ba tare da ya saci gida ba. Hannuna ya tashi.

Yarinya ce. Ba ta yi kuka ba. Muka binne ta kafin magariba, mutum bakwai ne a maƙabarta, sauran garin yana bakin fili yana zagina.

Ban taɓa faɗa wa kowa ba, har Fadma. Na san garina. Da sun ji, da sun ce cikin Fadma ne ya hana su hawa rukuni, da an bi ta da wannan har rijiya. Gara a ce an saye ni.

Abin da nake so in sake gani shi ne rufin. Ijja ta rantse ba ta hau da komai ba, ta hau ne ta yi kuka inda Fadma ba za ta ji ba. Ni kuma shekara talatin da shida ina ganin kamar akwai farin abu a hannunta, ta fara warware shi, sannan ta fasa. Wani lokaci a mafarki har ta shanya. So nake in san ko an yi wani ɗan lokaci, ko na numfashi uku ne, da yarinyar take da rai. Na tambayi Ijja sau ɗaya, ta ce in bar wa Allah.

Idan na'urar Bushaib ta kai tudun, ki gaya mini. Idan ba ta kai ba, ki gaya mini abin da ta kai. Kada ki ƙara yi mini ƙarya don tausayi, na sha tausayi a Agadir har ya ishe ni.

Mbarek


Sale, 3 ga Oktoba

Kawu,

Ina gaishe ka. Allah ya ƙara wa idon haske. Allah ya jiƙan Gwaggo Fadma, ya sa yarinyar ta cece ku. Na yi kwana uku da takardarka a aljihu kafin in iya amsawa. Ban nuna wa Inna ba.

Ka yafe mini ƙaryar. Kaset ɗin ya yi, minti arba'in ne suka tsira, har da na ƙarshe.

Launinsa ya koɗe, komai ya koma ruwan zuma. Filin ƙasa ne, an ja layi da farar ƙasa. Mutane a kan katanga, wasu a kan rufin motar kifi. Hazo yana shigowa ta bayan raga yana fita, wani lokaci 'yan wasa sai su ɓace daga gwiwa zuwa ƙasa, kamar suna iyo. Ga ka nan a gefe, siriri, da gashin baki, da gajeren wando baƙi. Na tsayar da hoton na daɗe ina kallon ka.

Lokacin da aka buga ƙwallon, Hmad yana bayan ɗan bayan ƙarshe da taku biyu cur. Ba ya buƙatar layi. Gudu ne kawai Allah ya ba shi, cikin daƙiƙa biyu ya bar su a baya. Kai kuma kanka a juye yake, kana kallon sama ta hagu. Na gani tun ranar farko, na maimaita ya fi sau hamsin, na kasa gane abin da kake kallo. Shi ya sa na ɓoye.

Tudun bai fito ba. Na bi hoton ɗaya bayan ɗaya, na ƙara girma, na ƙara haske, na roƙi abokin aikina ya gwada da na'urar ofis. Iyakar abin da Bushaib ya kama shi ne katanga da rabin hasumiyar masallaci. Da ya ɗaga hannunsa kaɗan da an gani. Bai ɗaga ba. Ba ni da amsar tambayarka, Kawu, ba zan kuma ƙirƙiro maka ba.

Na sa abin a cikin ɗan ƙarfen da ke cikin ambulan ɗin nan. Ana soka shi a bayan talabijin. Naka ne, ka ga dama ka jefa shi a teku.

Ofis sun kira, suna so in koma farkon Disamba. Ban ba su amsa ba. Wata ƙawata ta samo mini aikin koyar da motsa jiki a makarantar 'yan mata a Kenitra, babu mai zagin uwar kowa a can. Ina ta tunani. Kai ba ka gani ba, aka tsane ka. Ni na gani da ido shida, aka tsane ni. Mutumin nan da na soke wa ƙwallo an ce ya koma garinsu, ba ya fita. To mene ne amfanin ganin?

'Yarka,
Tilila


Sidi Ifni, 9 ga Nuwamba

'Yata Tilila,

Salamu alaikum. Muna lafiya. An yi ruwan farko, tudu ya fara kore. Ijja ta yi mura ta warke. Na gode da gaskiyar da kika faɗa mini. Rufin kuwa na bar wa Allah, kamar yadda aka ce in yi tun farko.

Ƙarfen ya yi wata guda a cikin gwangwanin shayi. Ranar Talata da hantsi na sa jallabiyata ta Juma'a na gangara kasuwa. Hmad yana ganina ya juya baya ya ɗauki mafici. Na zagaya ta gabansa na tsaya a cikin hayaƙin. Na ce, "Hmad, ba ka yi satar gida ba. Ban ga lokacin da aka buga ba, na ɗaga ne a kan zato. Ga shi a nan idan kana so ka gani."

Ya yi magana, ban ji ba. Na nuna masa kunnena. Ki duba wannan abu: mutum ya yi shekara talatin da shida bai ce mini uffan ba, ranar da zai yi, dole ya kafa baki a kunnena kamar mai kiran salla. Ya ce, "Na ce matsa, kana tare mini iska."

Na matsa. Ya juya kifinsa, ya kwashe, ya sallami mata biyu. Sannan ya goge hannu ya ce wa maƙwabcinsa ya duba masa wuta.

Muka je shagon Si Umar, shi ne mai babban talabijin. Mutum biyar ne a ciki suna karta. Si Umar ya soka ƙarfen. Da filin ya fito, karta ta tsaya. Wani ya ga mahaifinsa a kan katanga, ya tashi ya je ya taɓa gilashin. Aka kai wajen. Aka cilla ƙwallo, yaron ya tashi kamar an sake shi daga baka, ya tare, ya yanke, ya tura. Ga tutata.

Babu wanda ya kalle ni. Hmad ya ce, "Sake." Aka sake. Sau goma sha ɗaya ana sakewa. Yanzu ƙato ne mai tumbi, kansa kamar ƙwai, yana tsaye da ƙyallen aiki a ɗaure, bakinsa a buɗe. A na bakwai ya dafa kafaɗata ya yi mini ihu a kunne, "Ka ga gashina?" Na ce na gani. Ya ce, "'Ya'yana ba su yarda na taɓa gudu ba."

Da aka kashe, muka fita muka zauna a dakalin da ke kallon ruwa. Na gaya masa zancen rufin, tunda Fadma ta yi nisa da bakin mutane yanzu. Ya daɗe yana murza hularsa. Sannan ya matso ya ce, "Na ji an yi maka rasuwa ranar. Tsohuwata ta ce in je gaisuwa, na ƙi. Shekara goman farko fushi nake. Sauran kuwa ban san ta inda zan fara ba." Ya ce Allah ya jiƙan yarinyar. Na ce amin. Ita ce ta'aziyya ta takwas da aka yi mini.

Ban ce komai ya gyaru ba. Kazablanka ba za ta dawo ta ɗauke shi ba, ya faɗa mini haka, kuma da gaskiyarsa. Amma ya naɗo mini sardin shida a takarda. Masu ci ba su yi ƙarya ba.

Kin tambaye ni amfanin gani. Ni ba malami ba ne. Abin da na sani shi ne, da akwai irinki a bayan fili ranar nan, da kin ce mini a kunne, "Mbarek, sauke tutar." Da an ba yaro ƙwallonsa, ni kuma in tafi gida in binne 'yata da mutane a bayana. Mutuminki da kika soke wa, ciwonsa gaskiya ne, ki yi masa addu'a. Amma a ɗaya ɓangaren ma akwai wata ƙungiya da ba ta faɗi ba, da wani Hmad a cikinta wanda ba ki san sunansa ba. Kenitra ko motar, zaɓi naki ne, duk inda kika je 'yata ce ke.

Saura saƙo. Hmad ya ce tunda ke hukuma ce, ki rubuto masa a takarda cewa ƙwallon ta ci, ki sa hannu. Na ce masa ba a yin haka bayan an tashi wasa. Ya ce shi ba dokar ya tambaya ba. Zai manna ta a jikin rumfarsa.

Kawunki,
Mbarek


Sale, 6 ga Disamba

Kawu,

Gaisuwa da fatan alheri. Inna lafiya, ta ce za mu zo Ifni tare idan an yi hutun tsakiyar kaka, a tanadar mata amlu, haɗin nan na zuma da man argan.

Na koma ranar Lahadi. Na zauna gaban alluna, na sa abin ji a kunne. A zagaye na biyu mai tuta ya ɗaga a kan wani yaro, na duba, na ce wa alƙali babu satar gida, a ba shi. Ban san sunan yaron ba sai da aka rubuta a allo.

Ga takardar Si Hmad. Ba ta ofis ba ce, ba ni da ikon sa hatimi, ka gaya masa. Amma na duba da idona kamar yadda nake duba kowace. Ka karanta masa da ƙarfi a gaban 'ya'yansa:

"Ni, Tilila ɗiyar Zaina, alƙaliyar bidiyo, na sake duba wasan da aka yi a Sidi Ifni a shekarar 1987, minti na tamanin da huɗu. Lokacin da aka buga ƙwallo, mai lamba tara, Hmad Walƙiya, yana bayan ɗan baya da taku biyu. Babu satar gida. Ƙwallo ta ci. Matasan Masunta ɗaya, baƙi babu."

'Yarka,
Tilila